Malamin da Ya Kulle Tayar Gaba

Babu rashin da ya kai wanda ya sami mutum a ƙasar da ba tasa ba, inda babu dangi, babu mai zuwa jaje. Mutumin da za mu yi magana a kansa keke ya rasa, shi ma ba duka ba.

Akwai wani malami da ya tashi daga garinsu ya tafi wata ƙasa mai nisa domin ya koyar da lissafi. Ƙasa ce mai sanyi, mutanenta ba su da yawan magana, kuma kowa a keke yake yawo. A aji da Turanci yake koyarwa, amma mutanen gari harshensu daban ne, shi kuwa ko sannu bai iya a cikinsa ba. Gidan da aka ba shi yana can bayan gari, makarantar tana tsakiya. Ranar da ya kama aiki, shugabar makarantar ta gaya masa da fara'a cewa a nan idan malami ya makara sau ɗaya, ana tambayar lafiyarsa. Idan ya maimaita, ana tambayar ko akwai wani malamin. Saboda haka albashinsa na fari a keke ya tafi.

To, a garinsu idan mutum ya zo wuri da keke, ba sarƙa yake nema ba, mutum yake nema. Ka jingine shi kusa da mai goro ko mai faci, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ga kekena, a sa mini ido." Magana ta ƙare.

A ƙofar makarantar kuwa akwai wani benci, a kan bencin akwai wani tsoho da sandarsa da ƙatuwar rigar sanyi. Malamin ya gan shi, ya ce a ransa Ubangiji ya tanada. Kowace safiya sai ya jingine keken, ya cire hula, ya rusuna, ya gaida tsohon da Hausa. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi. Sa'an nan ya nuna keken, ya nuna idonsa. Tsohon ya ɗaga kai. Haka suka yi ta yi, ko ƙararrawar keken ba a taɓa ba.

Sai wata rana Malam Zakka ya gan su. Malam Zakka mutumin ƙasarsu ne, ya girme shi, ya kuma daɗe a can har ya daina mamakin komai.

"Ƙanena, ina sarƙarka?"

"Wace sarƙa, Yaya? Ai na bar wa Baba."

"Baban wa?"

"Wancan na kan benci."

"Ka san sunansa?"

"A'a."

"To da wane yare kuke magana?"

"Ni da Hausa. Shi kuma kai yake ɗagawa."

Malam Zakka ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai, baƙo sha-kallo! Nan ba kasuwar garinku ba ce. Nan ƙarfe ake ba amana. Allah ne kawai ya rufa maka asiri, kada ka ci gaba da gwada shi."

Malamin ya ga maganar da hankali a ciki. Ya je ya sayo sarƙa da kwaɗo, irin sarƙar da za ta riƙe bijimi. Da yake ya taso yana ɗaure jakin mahaifinsa a ƙafar gaba, bai yi wani dogon tunani ba, ya zura ta a tayar gaba, ya kulle a jikin turken ƙarfe. Bai taɓa ganin jaki ya tafi ya bar ƙafarsa ba.

Kulle sarƙa da hannun da sanyi ya daskarar yana cin lokaci, lokacin kuwa daga gaisuwa aka ɗebo shi. Da fari ya daina tambayar iyali. Daga baya ya koma ɗaga hannu. Daga nan sai ya ji kunya, kamar sarƙar tana cewa bai yarda da tsohon ba, ya daina duban wajen bencin gaba ɗaya. Don haka bai lura ba sa'ad da bencin ya zama babu kowa.

Wata rana da aka tashi daga makaranta, ya fito ya sami sarƙarsa lafiya, kwaɗo lafiya, tayar gaba lafiya. Sauran keken ne dai babu. Ya tsaya yana kallo. Ya ciro makulli ya buɗe kwaɗon, ya buɗu sumul. Bai san abin da zai yi ba, sai ya sake kullewa, ya je ya kira Malam Zakka.

"Yaya, wannan an sace ne ko ba a sace ba?"

"An sace mafi yawa."

"To sarƙar fa?"

"Sarƙar ta yi aikinta. Abin da ka ba ta, ga shi nan."

Kashegari ya zo a ƙafa, ya makara. Shugabar makarantar ta tambayi lafiyarsa. Ya gane abin da ya rage masa.

A zuciyarsa ya riga ya yanke wa tsohon hukunci: mai gadin da ya ɓace tare da kaya ai ba ya bukatar shaida. Ya matsa wa Malam Zakka, suka yi ta cigiya har suka sami tsohon a wani ɗakin shan shayi kusa da tasha, yana zaune shi kaɗai kusa da abin ɗumama ɗaki. Malam Zakka ya zama tafinta.

"Tambaye shi, me ya sa ya bar gadin?"

Aka tambaya. Tsohon ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya yi magana.

"Ya ce wane gadi?"

"Gadin keken mana! Kullum ina nuna masa."

"Ya ce shi ya ɗauka kana nuna masa ne ya ga kyansa. Ya ce gaskiya ba wani kyau ne da shi ba, amma ya ga kai baƙo ne, ba ka da wani abin nunawa."

Malamin ya nemi kujera ya zauna. "To me yake kai shi bencin cikin wannan sanyi?"

Tsohon ya amsa. Malam Zakka ya fassara.

"Ya ce matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Ranar farko hutawa kawai ya zauna yi. Ya ce bai ji ko kalma ɗaya cikin abin da kake faɗa ba, amma maganar tana da tsawo, kuma duk yini babu mai yi masa irinta. Da ta daina zuwa, sai ya ga sanyin bai cancanta ba."

"To Yaya, duk watannin nan wa ya tsare mini keken?"

"Kada ka tambaye ni. Ni sarƙa na sani."

Ga ma'anar wannan misali, ko da yake ba ta fito a miƙe kamar yadda muke so ba. Ɓarawon ba ya bukatar fassara, ɓarawo ne. Sarƙar ba zunubi ba ce, Malam Zakka kuma bai ba da muguwar shawara ba. Tayar gaba ita ce ɗan abin da muke tsarewa da dukan ƙarfinmu, mu bar babban ya tafi. Da yawa a cikinmu muna da ita a gida, a kulle.

Amma ku dubi tsohon. Malamin ya gaishe shi ne domin keke, ba domin Allah ba, duk da haka Ubangiji ya ɗauki wannan gaisuwar mai neman riba ya mai da ita abincin wani. Kowannenmu yana da mai zama a benci: a ƙofar coci, a bakin layi, wani ma a cikin gidansa. Muna gaishe shi muddin muna da abin da za mu bar masa. Ranar da muka sami ƙarfe, sai wuyanmu ya ƙi juyawa. Mu a wurinmu gaisuwa ce ta ragu, shi kuwa wataƙila ita ce dalilin fitowarsa.

Yara za su tambaya, da malamin ya ci gaba da gaisuwa, da ba a sace keken ba? Ba mu sani ba, kuma kada malaman aji su ce sun sani. Gaisuwa ba kwaɗo ba ce. Wanda ya ƙaunaci maƙwabcinsa don a tsare masa kaya, mai gadi ya ɗauka, bai kuma biya shi ba.

Malamin ya sayi wani keken, ya koyi zura sarƙa a jikin keken, ya koma gaida tsohon, tsohon ya koma bencinsa. Wannan keken ran Lahadi aka ɗauke shi a ƙofar coci, har da sarƙar, ana cikin gaggaisawa. Yanzu da asuba malamin yake fitowa, a ƙafa, kuma bai sake makara ba. Da yake babu abin kullewa, gaisuwar ta ƙara tsawo.