Kwaɗo Dubu, Mabuɗi Ɗaya

An ce wani sarki ya wayi gari ƙauyukan ƙasarsa suna watsewa. Manoma na kwashe iyalansu suna haye kogi, ba sallama ba waiwaye, shi kuwa bai san dalili ba. Abin ya tsaya masa a rai, don mutum ne mai son a ce yana da adalci, kuma gwargwado yana da shi.

Da ma akwai al'ada a ƙasar, kowace gunduma tana da akwatin kuka, inda talaka zai saka takardar abin da ya dame shi. Hakimi ya kulle da mabuɗinsa, a kai fada, sarki ya buɗe da irinsa. To, shekara uku sarki na buɗe akwatunan nan, ba ya samun komai sai addu'a da kirari. Mutane na gudu, amma wai kowa lafiya lau! Waziri ya ce a canja mabuɗai, aka canja. Ya ce a rantsar da hakimai, aka rantsar. Jiya i yau.

Sai aka ba sarki labarin wani tsohon maƙeri mai suna Gwadabe, wanda ya tsufa yana ƙera kwaɗon kulle ƙofa a bakin kasuwa. Aka kirawo shi. Ya zo da toka a gemu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya saurari bayani har ƙarshe, kana ya tambaya da me hakimi ke kulle akwatin. Aka ce da mabuɗi mana.

"Ya sarki," in ji shi, "wanda ka ba abin kullewa, ka ba shi abin buɗewa. An ba kura ajiyar nama, kuma talaka ya san haka tun kafin ka sani."

Sarki ya ce ai ba a kulle abu ba mabuɗi. Tsoho ya sa hannu a aljihu, ya ciro wani ɗan kwaɗo a buɗe, ya miƙa wa waziri, ya roƙe shi ya danna. Waziri ya danna, ƙaras, ya kulle. Sai ya ce to ya buɗe. Waziri ya ja, ya murɗa, ya haɗa da haƙori, har rawaninsa ya karkace, kwaɗo ko gezau. Sarki ya danne dariya da ƙyar.

Gwadabe ya ce a ƙera irinsa dubu, a baza su a buɗe a kasuwanni da mashaya, kowa ya ɗauka. Mabuɗinsu kuwa ɗaya tak, a yi zubinsa a gaban sarki, a fasa mazubin, kada ya sake fita daga hannunsa. Mai kuka ya saka takarda a ɗan akwati, ya danna da kansa, ya ba duk mai tafiya birni, ko da hakimin ne.

Waziri ya ɓata rai, ya ce wannan zubar da sirrin sarauta ne, ɓarayi za su kwashe.

Gwadabe ya ce, "Su kwasa, ranka ya daɗe. Me ɓarawo zai yi da shi, in ba ya kulle ba? Kullewa ta kowa ce, buɗewa ta mutum ɗaya."

Sarki ya tambaya, in wani hakimi ya ƙera nasa ya ce na sarki ne fa? Tsoho ya ji daɗin tambayar. Ya ce a buga tambarin sarki a kowanne, mai shela ya riƙa nuna shi ranar kasuwa, har tsohuwa mai daddawa ta iya bambance na gaskiya da na jabu.

Aka yi haka. Kafin wata biyu akwatuna suka cika zaure. Sarki ya zauna da murnarsa, don ya riga ya ƙidaya hakiman da zai tuɓe. Ya buɗe na farko, sai ga tafin hannu ɗaya na irin gero da 'yar takarda da ajami: "Wannan zan shuka ranar da dogaranka suka tafi da ni ɗibar ƙasar ganuwa." Na biyu ma haka ya ce, na goma ma haka. Ashe umarnin da shi da kansa ya bayar, na a yi ta ginin ganuwa rani da damina, shi ya hana mutane noma har yunwa ta kore su.

Kunya ta kama sarki. Waziri ya ce a binciko masu rubutun, sarki ya ɗaga masa hannu, ya hana. A ranar ya sallami masu aiki, ya buɗe rumbunansa aka raba iri, ya aika a roƙi waɗanda suka haye kogi su komo. Sannan ya tambayi Gwadabe ko da ma ya sani.

"Ya sarki, duk kasuwa ta sani. Kai kaɗai ne ba a sami hanyar gaya wa ba."

Sarki ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gaskiyarka, baba. Adalcin sarki ba ya wuce abin da talaka zai iya gaya masa ba tare da tsoro ba."