Waƙar Niƙan da Ba Ta Yiwuwa Sai da Amshi

Ku matso ku ji! Akwai wata tsohuwa, ita kaɗai ta rage a ƙauyensu mai waƙar niƙa da yaren Karara. Tun da injin niƙa ya shigo gari aka jingine dutse, jikokinta kuma Hausa kawai suke ji. In ta yi musu yaren sai dariya.

Ran nan sai ga baƙi da na'urar ɗaukar murya, masu tattara yarukan da ke shirin ɓacewa. Suka durƙusa suka gaishe ta, suka ce, "Kaka, ki rera mana mu adana, kada ta bi ki kabari."

Ta kalli na'urar sama da ƙasa. "Wannan abin yana amshi?"

"A'a, Kaka, ji kawai yake yi."

"To ba zan rera ba! Waƙar nan ɗaya ke bayarwa, sauran su amsa. Ni kaɗai in yi ta, ai kukan makoki ke nan. Ban mutu ba tukuna!"

Ɗanta ya ce, "Haba Inna, ki yi musu su tafi mana. Yaran yanzu ina ruwansu da yaren dutsen niƙa?"

"Kai da ka hana su shi, rufe mini baki. A kirawo mini su!"

Ai kuwa aka tattaro jikoki. Ta zuba dawa a dutse, ta ba da baiti. Tsit! Ta sake. Sai jikanyarta Afiniki ta amsa, a karkace, har kowa ya fashe da dariya. Kaka ta ce, "Karkatacce ma ya fi shiru. Sake!" Afiniki ta sake, sauran suka bi, har uban nasu aka ji yana amsawa ƙasa-ƙasa, ashe bai manta ba! Sai a lokacin Kaka ta ce wa baƙi, "Yanzu ku kunna abinku."

To ga ma'anar misalin nan. Waƙar ita ce yaren da Allah ya sa a bakin iyayenmu. Na'ura rumbu ce, tana da kyau, amma irin da ya kwana a rumbu ba ya tsira sai an kai shi gona. Gonar kuwa mu ce, ni da ku! A ranar Fentikos, da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa manzanni, kowa da yarensa ya ji maganar Allah, ba a ce wani yare ya yi ƙanƙanta ba. Saboda haka in kaka ta ba da baiti yau, ku amsa da ƙarfi. Mai dariya ya yi ta yi, mu dai ba za mu yi shiru ba!