Ilu Mai Gyaran Talabijin da Allon Baƙo

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, ana ce masa Ilu mai gyaran talabijin. Bawan Allah ne marar yawan magana, rumfarsa ƙarama, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Ku saurara, ku samarin da ke baya, ku ajiye wayoyin nan, da ku nake.

A lokacin samarin garin sun haukace a kan wani wasan gem na kiɗa. Ni ban taɓa bugawa ba, ba kuma zan buga ba, amma an nuna mini. Kiɗa na tashi, ɗigo-ɗigo na gangarowa daga saman allo, da ɗigo ya taɓa wani layi sai ka danna. Ka danna a kan kari, ka ci. Ka makara da ƙiftawar ido, ka zubar. Wasan ke nan.

Sai aka sa gasa, wanda ya ci shi zai wakilci garin a birni. Aka yi ta fafatawa har saura mutum biyu: Sagiru, ɗan Ilu na cikinsa, da wani Haladu daga unguwar ƙetaren rafi. Ilu aka kira ya haɗa na'urar wasan da talabijin.

Talabijin biyu ne a wurin. Ɗaya tsohuwa mai ƙatuwar ƙeya, sai mutum biyu ke ɗaga ta. Ɗaya sabuwa fil, faffaɗa, siririya kamar faranti. Mamuda shugaban samari ya ce, "Baƙo ya zo mana, ba ma zaunar da baƙo gaban tsohon kaya. Haladu, bisimilla, ga sabuwa." Kun ji ko? Karamci aka yi niyya.

Aka bar wa Sagiru tsohuwar, aka fara bayan la'asar. Sagiru na ci, Haladu na zubarwa. 'Yan unguwa suka sa shi gaba.

"Kai Haladu, yatsun nan aro ka yi?"

"A kawo masa fura, hannunsa ya mutu!"

Haladu na gumi yana cewa, "Wallahi a kan kari nake dannawa!" Aka kwashe da dariya.

Ilu na tsaye a baya. Kowa na kallon maki, shi yana kallon yatsa. Ya ga yatsan Haladu na sauka daidai lokacin da ɗigo ke taɓa layi, amma na'ura na cewa ya makara. Mai gyara ne, nan take ya gane. Sabuwar nan sai ta tsaya ta yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna shi. Tsohuwar kuwa, abin da aka ba ta shi take fitarwa a take. Abin da Haladu ke gani ya riga ya wuce.

Ku saurara da kyau a nan. Ba wanda ya sani sai shi sai Allah. Ga ɗansa an ɗaga shi sama ana ihu. Ba ƙarya aka ce ya yi ba. Shiru kawai zai yi, shiru kawai, ɗansa ya tafi birni.

Ilu ya ce, "Ku sauke shi."

Mamuda ya ce, "Baba Ilu, lafiya?"

"Wasan nan bai yi ba."

Sagiru ya ce, "Baba, ni fa na ci!"

"Talabijin ta ci maka, ɗana. Miƙo min wayar can."

Ya haɗa talabijin biyun da na'ura ɗaya, ya jera su kafaɗa da kafaɗa, ya ce kowa ya zuba ido. Jama'a, ɗigo ya taɓa layi a tsohuwa, a sabuwa yana nan yana gangarowa! Haladu ya dafe kai ya ce, "Ashe ba hannuna ba ne."

Aka sake wasa a tsohuwar, ɗaya bayan ɗaya. Haladu ya ci da ɗigo uku. Ɗigo uku kacal! Kwana biyu Sagiru bai ci tuwon gidansu ba, kuma Ilu bai lallashe shi ba. Amma tun daga ranar ba a sake yin gasa a garin ba sai an tambaya, "Baba Ilu ya duba?" In ya duba, ba mai gardama.

Da shekara ta zagayo, Sagiru ya sake haɗuwa da Haladu a gaban mai ƙatuwar ƙeyar nan, ya kuwa lallasa shi. Haladu da kansa ya ɗaga hannunsa, ya ce, "Wannan karon kai ka ci, ɗan Baba Ilu." 'Yan ƙetaren rafi su suka raka shi tasha da kiɗa.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Shirun da ke danne haƙƙin wani zalunci ne, ko da ɗanka ne zai amfana. Kai mai awo, kai alƙalin ƙwallo, kai da ka san abin da sauran ba su sani ba: ranar da ka ga an zaunar da ɗan'uwanka gaban allon da ke makara, buɗe baki ka faɗa, tun kafin a tambaye ka a inda ba a sake wasa.