Mai Gadin Kusa da Mai Gadin Nesa

Akwai wata budurwa, Briskila, mai aiki a tashar wutar lantarki. Ba ta manta ranar da ta fara ganin Irmiya ba, ma'aikacin tashar gaba. Ya zo da riga duk baƙin mai, ya tsaya yana nuna mata na'urar da ke gadin layi.

Ya ce, "Ba ta da ido, amma tana auna ƙarfin wuta da gudunta, ta gane nisan inda waya ta sami matsala. In a yankinta ne, nan take ta yanke. In na maƙwabciyarta ne, ta ɗan dakata mata. In waccan ta yi shiru, sai ita ta yanke."

Tun ranar ya kwanta mata a rai, har aka sa musu ranar aure.

Sai masu injin niƙa suka dami Irmiya, wai reshe na taɓa waya, sai na'urarsa ta ɗauke wuta. Don ya huta da surutu, ya kashe na'urarsa a ɓoye.

Wata rana iska ta tsinke waya a gona, dab da tasharsa. Na'urarsa ba ta motsa ba. Ta Briskila ta dakata kamar yadda aka tsara mata, sa'an nan ta yanke, garuruwa uku suka rasa wuta. A ɗan dakatawar nan, wuta ta kashe shanun noma biyu na wani dattijo.

Irmiya ya zo a guje. "Haba Briskila, ki ce na'urata lalacewa ta yi. Wa zai sani?"

Ta ce, "Ni na sani! Kai ne a kusa, ka rufe ido don kada a ga baƙinka. Yanzu ni ma in rufe nawa? Da me dattijon nan zai yi noma bana?"

Ga abin da misalin nan yake koya mana. Ubangiji ya ba kowa yankinsa: gidanka, bakinka, aikin hannunka. In ka ga mugunta a kusa ka yi shiru don a so ka, na nesa zai tsawata, amma a makare, marasa laifi kuwa su sha wahala. Kaiton mai gadin da ya fi tsoron surutu da tsoron Allah!

Briskila ta share hawaye, ta dube shi, ta ce, "Gobe zan faɗi gaskiya a gaban shugabanni. In ka riga ni faɗa, na yi alkawari, zan tsaya kusa da kai."