Mai Ƙafafu Ya Ƙi Barin Shataletale

Akwai wani bawan Allah da sana'arsa ita ce haɗa ƙafafun roba. 'Yan unguwa har sun manta sunansa, kowa Mai Ƙafafu yake ce masa.

Kafin yaƙi, masu zuwa shagonsa waɗanda suka yi haɗarin mota ne da masu ciwon suga. Da yaƙi ya ƙi ƙarewa, sai bencin ƙofar shagon ya cika da samari, wasu ko gemu bai gama fito musu ba. Yana auna dungulmin ƙafarsu, rediyo na gefe yana cewa nasara ta kusa.

Wata rana ya kashe rediyon, ya samo kwali ya rubuta: "A tsayar da yaƙin nan." Ya je shataletalen da ke gaban ofishin ɗaukar sojoji ya tsaya. Ƙanwarsa ta bi shi. Ita ce aka kawo wa takalman mijinta da agogonsa daga fagen daga, aka ce ta yi haƙuri.

Da farko jama'a sun taru. Aka watsa su da barkonon tsohuwa, aka kori wasu daga aiki, sauran suka gaji. Har ta kai duk Asabar su biyu ne kawai a wurin.

Akwai wani direban bas da ake kira Lasifika, saboda ko raɗa ya yi sai an ji a ƙarshen layi. Shi da kansa ya kai ɗansa ofishin nan yana danna hon. Duk sanda ya zo wucewa sai ya rage gudu ya ce musu maciya amana.

Rannan bai tsaya a zagi ba. Ya sauko, ya fizge kwalin ya yayyaga, fasinjoji na dariya. Ya dubi matar ya ce, "Mijinki ya mutu jarumi, ke kin zo titi kina zubar masa da mutunci."

Ta sunkuya ta ɗauki dutse. Yayanta ya riƙe mata hannu gam har bas ɗin ta wuce.

Da suka koma shago ta ce, "Yaya, har yaushe? Mun tsaya a rana, mun tsaya a ruwa, wa ya fasa tafiya? Haƙurin nan naka tsoro ne ka canza masa suna."

Ya ce, "Kina zaton ba na jin abin da kike ji? Ni nake taɓa ƙafafun nan da hannuna. Amma da kin fasa masa kai, gobe hotonsa za a nuna da jini a ce ga masu neman zaman lafiya. Abin da suke jira ke nan."

Ta ce, "To ka tsaya kai kaɗai."

Haka kuwa aka yi. Watanni yana fita shi kaɗai, wasu na cewa ya taɓu.

Wata safiya ƙanwar ta kawo masa abinci, sai ga bas ta tsaya a ƙofar shago. Lasifika ne ya fito goye da ɗansa. Ƙafar wandon saurayin ta dama an naɗe ta an soke da fil.

Matar ta tare ƙofa. "Me ya kawo ka? Ka kai shi gidan rediyo su ba shi ƙafa."

Lasifika ya sunkuyar da kai.

Mai Ƙafafu ya miƙe. Ya ce, "Kai, fita ka jira a waje, ba na son ganin fuskarka yau. Yaron ka bar min shi, shi bai yi min komai ba."

Ya durƙusa ya fara awo.

Asabar ɗin da ta biyo baya, Mai Ƙafafu na tsaye sai ga bas ɗin nan ta faka a gefen shataletale. Mata suka dinga sauka. Ashe Lasifika ya san duk gidan da aka yi makoki, don shi ke kai masu ta'aziyya. Gida-gida ya bi ya ɗauko iyayen yaran da yaƙin ya cinye.

Yaƙi bai tsaya a watan nan ba, bai tsaya a shekarar ba. An tsare Mai Ƙafafu, an ƙwace bas ɗin. Ranar da aka tsare shi ƙanwarsa ta dawo ta tsaya a gurbinsa. Wasu garuruwa suka gani suka kwaikwaya, ofishin ɗaukar sojoji ya koma ba kowa sai mai gadi.

Daga ƙarshe manyan da suka rantse ba za su taɓa sulhu ba suka zauna a teburi guda. Aka nuno su a talabijin suna rungumar juna, 'ya'yansu kuwa ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Ƙanwar ta ce, "Yaya, dube su suna dariya. Ashe dama sun iya zama su yi magana."

Ya ce, "Tun ranar farko sun iya. Jira suke a tilasta musu."

Darasi: Fushinka a kan yaƙi gaskiya ne, amma in ka bari ya sa ka jifa, ka yi wa masu hura wutar aiki. In ka yi zuciya ka koma gida, nan ma su ka yi wa. Ka ci gaba da fita ko kai kaɗai ne, domin wanda ke zaginka yau yana iya zama wanda zai kawo maka jama'a gobe. Ku tura wa duk wanda kuka san ya fara karaya.