Tambayar da Ta Tsayar da Kekunan Ɗinki

Akwai wani matashin tela a unguwar Briqueterie da ke Yawunde, sunansa Izzuddeen. Shago ɗaya suke ɗinki da mahaifinsa, Malam Na'Allah, keken wannan na kallon keken wancan. Shi ne ɗan fari, don haka akwai kunya irin ta da a tsakaninsu. Uban ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "kai" ko "yaron nan".

Matar Izzuddeen, Raliya, tana da ƙaramin ciki, na farko. Ban da su biyu babu wanda ya sani, sai fa mai sayar da ɗanyen mangwaro a kasuwar Mokolo, da ta fara yi wa Izzuddeen wani irin murmushi.

Wata Laraba ƙungiyar teloli ta gayyato Madam Jiddah, ma'aikaciyar inshorar lafiya, abin da mutanen unguwa ke kira mutuwel. 'Yar Garwa ce, muryarta ba ta san raɗa ba. Shagon Malam Na'Allah ya fi faɗi, don haka a nan aka ajiye mata kujera, teloli suka cika wurin.

Ta ce tsari biyu ne. Ƙaramin ya ƙunshi ganin likita da maganin zazzaɓi da makamantansu. Babban ya haɗa da awon ciki da haihuwa, har tiyata idan ta kama. Wanda mutum ya zaɓa, a kansa zai zauna sai shekara ta zagayo.

Da aka zo kan Izzuddeen, ta dube shi ta saman tabarau.

"To ango, Madam tana da ciki ne, ko tukuna?"

Kekuna suka tsaya. Malam Na'Allah ya sunkuya yana neman kafar allurar da zare ke cikinta tun ɗazu.

"Ƙaramin ya isa," in ji Izzuddeen, idonsa a ƙasa.

"Ka tabbata? Bon. Juma'a zan dawo in rufe rajista."

Da yamma ya shiga gida da ƙunshin tsire mai zafi. Raliya ta karɓa, ta dubi tsiren, ta dubi mai tsiren.

"Yallaɓai, ba salla ba, ba suna ba. Me ka ɓata?"

Ya gaya mata duka. Ta yi dariya har ta dafe tabarma, sannan dariyar ta ɗauke.

"Ka tuna Kaltuma ta Ekoudou? Da haihuwarta ta zo da gardama, sai da suka sayar da firjin da take ƙanƙara da shi kafin a shiga da ita tiyata. Tana kwance tana jira, mijin na yawon neman mai saye."

"Rali, a gaban Baba fa. Da wane baki?"

"Da wanda ka ce kana so na da shi a ƙofar gidanmu. Ranar ma rawa yake yi."

Ta zaɓi tsoka mafi girma ta tura gabansa, wannan kuwa ya fi masa faɗa ciwo.

Washegari ya bar shago ya shiga Mokolo neman Madam Jiddah, don a gyara abin a ɓoye. Masu atamfa suka ce ta wuce wurin masu takalma. Masu takalma suka ce ta nufi unguwar Madagascar. Can kuma aka ce yanzu ta hau babur. Ya dawo da jar laka har idon sawu, bai gan ta ba.

Ranar Juma'a ta zo ta zauna a kujerarta. Izzuddeen ya yi ta jiran tsohon ya fita alwala ko gaisawa da maƙwabta. Tsohon ko motsi. Har Madam ta fara zuge jakarta.

"Madam." Muryarsa ta fito siririya. "A mayar da ni babban."

"Ah bon? Me ya canza daga shekaranjiya?"

"Ƙila shi ne zai haihu," in ji Tahiru mai surfani daga bakin ƙofa. Shago ya ɗauki dariya.

A zuci Izzuddeen ya hango Raliya kwance tana jira, shi kuma yana tura kekensa kan titi yana neman mai saye. Sai ya ɗaga kai.

"Iyalina ce. Muna sa rai, in Allah ya yarda."

Dariyar ta mutu. Malam Na'Allah bai dube shi ba. Ya ci gaba da taka keke, ya yi magana kamar da yadin gabansa yake.

"Madam, yi masa abin da ya ce. Kwana biyu yaron nan yana haɗa wa mutane hannun riga a baibai, ni nake farkewa."

Da za a tashi, tsohon ya jefo masa wani farin yadi mai laushi. "Ragowa ce, ta tare mini wuri. A kai gida." Ko almakashi bai taɓa yadin ba.

Da watan haihuwa ya kama, naƙuda ta yi tsawo, likita ya ce sai tiyata. Izzuddeen ya miƙa katin mutuwel, aka wuce da Raliya nan take.

Da ta farfaɗo, ta gan shi a gefen gado, ya rungume jaririya yana tsoron ko numfashi mai ƙarfi. Ta dube su, ta tambaye shi:

"Me aka sayar?"

"Ba a sayar da komai ba."

"Har keken?"

"Keke na nan, Rali." Ya matso da yarinyar kusa da fuskarta. "Ke ma kina nan."

Darasi: Kunya ado ce, amma ba ta kai mara lafiya asibiti. Idan za ku zaɓi tsarin inshorar lafiya, ku dubi abin da ke tafe a gidanku, ku faɗe shi ko a gaban wa. Sau da yawa manyan da muke jin nauyinsu sun riga mu sani, jira kawai suke mu buɗe baki. Ku tura wa ango ko amaryar da kuka sani, wataƙila yau ne ake jiran amsarsu.