Tanimu da Ma'aunin Firjin Rigakafi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, shekaru masu dama da suka wuce. Tanimu ake ce masa. Ku matso, ku saurara, na baya ku bar hira. Labarin nan daga bakin wanda ya zalunce shi na ji shi, yana faɗa yana share hawaye.

Tanimu mai gyaran rediyo ne tun asali, yana da ɗan shago a bakin tasha. Karatunsa bai wuce sakandare ba. Da kwamfuta ta shigo gari sai ya koma gyaranta, daga nan ya shiga koyon abin da ke cikinta, shi kaɗai, da tsofaffin littattafai da tambaya a intanet.

To, akwai wata manhaja, wato rubutattun umarnin da kwamfuta ke aiki da su, wadda ba ta da mai ita. Ta kowa ce. Mutane daga ƙasashe daban-daban ke rubuta ta, kowa ya kawo nasa a duba, a karɓa ko a mayar masa, kuma duk mai so ya ɗauka kyauta. Tsakiyarta, inda komai ke haɗuwa, masu sana'ar suna ce mata kenel. Duk na'urar da za a jona wa kwamfuta sai an rubuta mata ɗan tafinta a cikin kenel ɗin nan, mai fassara tsakaninta da kwamfutar. Sunan tafintan nan direba. Ba direban mota ba, Alhaji, na ga kana murmushi.

A lokacin, asibitocin ƙauyukan ƙaramar hukumarsu suna da firji na ajiye allurar rigakafi. Kun san allurar nan, in ta ji zafi ta mutu, ko an yi wa yaro ba ta tsare shi daga komai. Aka kawo wani ma'aunin sanyi mai araha da ake sakawa cikin firji, a jona shi da 'yar ƙaramar kwamfuta mai batirinta, ta riƙa rubuta sanyin kowane minti. Sai aka tarar ma'aunin ba shi da direba. Tanimu ya ce zai gwada. Wata bakwai ya yi yana rubutu tsakanin gyaran wannan rediyo da waccan. Mai kula da wannan ɓangare na kenel wata dattijuwa ce a wata ƙasa mai nisa, ba ta taɓa ganinsa ba, kuma ba ta da sassauci. Sau tara tana mayar masa da aikinsa. Sau tara yana yi mata godiya ya sake. A na goma ta karɓa, aka rubuta sunansa a matsayin mai kula da direban, ƙaramar hukuma kuma ta ba shi aikin duba na'urorin a asibitoci goma sha huɗu.

Ana nan sai wani ɗan garin ya dawo daga karatu, Injiniya Mukhtari, da digirinsa biyu. Yana da kwanya ƙwarai. Tanimu ya karɓe shi hannu biyu, ya nuna masa yadda ake aika gyara, abin da suke kira faci, kamar dai facin taya. Mukhtari ya lura direban yana cin batir, don kowane lokaci sai ya tambayi ma'aunin. Ya rubuta faci yadda direban zai riƙe lambar ƙarshe da ya ji, ba zai canza ta ba sai ma'aunin ya yi magana da kansa. Dabara ce mai kyau. Tanimu ya karanta, ya gwada kwana biyu, ya cire waya ya mayar, ya ga lafiya. A ƙa'idarsu wanda ya rubuta yana sa sunansa, wanda ya duba ma yana sa nasa a ƙasa. Tanimu ya sa nasa. Facin ya shiga kenel, ya bazu duniya.

Damina ta zo. A wani ƙauye a hayin kogi akwai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Lantana, shekararta ashirin da biyu tana aikin. Bayan hutun Sallah aka sa ranar rigakafi, mata suka cika rumfa da goyo. Ta buɗe firji, ta tarar da kwalaben da sanyinsu, amma ɗan tambarin da ke jikinsu, wanda ke yin duhu in allura ta sha zafi, ya yi baƙi ƙirin. Ta duba kwamfuta, kwamfuta ta ce sanyi bai taɓa yankewa ba. Ta tsaya tana duban kwalba tana duban kwamfuta, daga ƙarshe ta ce ba za ta soka wa ɗan kowa wannan ba. Ta ba matan haƙuri, ta sallame su.

Kogi ya cika, mota ba ta ƙetarewa. Mako shida kafin sabuwar allura ta iso. Cikin makonnin nan kyanda ta shiga ƙauyen, yara da yawa suka kwanta, biyu suka rasu.

Aka kafa kwamiti. Suka duba firji, yana aiki. Suka duba rubutun kwamfuta, sanyi lafiya lau. Suka ce ashe Lantana ce ta fitar da allurar, wataƙila don ta sanyaya zoɓon sayarwa. Aka dakatar da ita. Matan da ta karɓi haihuwarsu suka daina gaishe ta.

Ku saurara da kyau a nan. Ba wanda ya zargi Tanimu. Ba wanda ya ma tuna da shi. Da ya ci gaba da gyaran rediyonsa da shi ke nan. Amma ya nemi rubutun kwamfutar ya zauna yana karantawa, sai ya ga wani abu da ya tsaya masa a rai. Kwana uku cur lambar ba ta motsa ba, alhali firji na gaskiya sanyinsa yana hawa yana sauka kaɗan-kaɗan. Ya tuna kwanakin nan uku hadari ne ya rufe sama, firjin kuwa da hasken rana yake aiki, ma'aunin ma daga wutar firjin yake sha.

Ya sa ma'auni a bokitin ƙanƙara a shagonsa, ya fara gwaji. Ya cire waya, kwamfuta ta yi ƙara ta ce an cire. Ya mayar, ya sake cirewa, har sau ɗari ko fiye, ba aibi. Kwana goma sha ɗaya yana wannan, masu rediyo suna zuwa suna komawa. Ran na goma sha biyu ya ɗauko wani tsohon batirin babur da ya kusa mutuwa ya jona ma'aunin da shi, ya bar wutar tana raguwa a hankali. Da ta yi ƙasa sosai sai ya tsamo ma'aunin daga ƙanƙara ya tsoma cikin ruwan zafi. Ya duba kwamfuta. Kwamfuta ta ce sanyi lafiya.

Kun gane abin da ya faru? In an fizge waya, kwamfuta tana sani. Amma in wuta ta janye a hankali, ma'aunin sai ya suma yana jone, ya daina magana, direban kuma ya yi ta maimaita tsohuwar lamba. Firjin Lantana ya mutu kwana uku, rana ta fito ya tashi, ba wanda ya sani. Tanimu ya bi tarihin gyare-gyaren da aka yi wa direban, yana raba su biyu yana gwadawa, ya sake raba rabin biyu, har ya tsaya a kan guda ɗaya. Facin Mukhtari ne, da sunansa shi Tanimu a ƙasa.

Ya aika aka kira masa Mukhtari, ya nuna masa. Mukhtari ya duba, ya gane facinsa ne. A lokacin yana neman wani babban aiki a birnin tarayya, kuma facin nan yana cikin abin da ya yi taƙama da shi a takardunsa. Ya roƙi Tanimu su gyara a ɓoye, su rubuta cewa 'yar shara ce kawai aka yi wa rubutun, tunda gyaran layi huɗu ne, ba wanda zai tambaya.

Tanimu ya ce, "Injiniya, da ni da kai kaɗai abin ya shafa, wallahi da na rufa. Amma akwai baiwar Allah tana zaune a ɗaki da sunan ta kashe 'ya'yan mutane. Kuma ma'aunin nan yana cikin firjin mutanen da ba mu sani ba. In ba mu faɗa ba, ta yaya za su san su duba allurarsu?"

Ya ce masa su tafi gaban kwamiti tare, shi zai fara magana, laifin a raba. Mukhtari ya ce zai yi tunani, ya fita.

Tanimu ya rubuta gyaran ya aika wa dattijuwar nan, a inda duk masu aikin ke karantawa. Ya sa lambar facin da ya jawo matsalar kamar yadda ƙa'ida ta ce, bai ƙara kalma ɗaya a kan wanda ya rubuta shi ba. Game da kansa kuwa ya rubuta cewa shi ya duba, shi ya sa hannu, ya gwada cire waya amma bai gwada mutuwar batir ba, kuma yara biyu sun rasu. A ranar aka karɓi gyaran, aka aika gargaɗi ga duk masu amfani da ma'aunin.

Daga nan ya ɗauki bokitinsa da batirin babur ya tafi gaban kwamiti, ya nuna musu da idonsu. Su ba su san wannan ilimi ba, sai suka ce a kira masani mai takarda ya yi musu bayani. Wa za a kira? Aka kira Mukhtari. Ya shigo cikin kwat, ya tsaya, bai dubi inda Tanimu yake ba, ya ce, "Irin abin da ke faruwa ke nan idan aka bar aikin ilimi a hannun mai gyaran rediyo."

Shugaban kwamiti ya tambayi Tanimu ko yana da ta cewa. Ya ce komai yana rubuce a inda kowa zai iya dubawa, shi dai ya san ya sa hannu, kuma abin da ya kawo shi shi ne a wanke Malama Lantana. Ba wanda ya je ya duba. Aka mayar da Lantana bakin aikinta, aka karɓe aikin asibitoci daga hannun Tanimu.

Gari ya ɗauka. Masu kawo gyara suka ragu, har abincin gidansa ya ragu. Ya ƙetare kogi da kansa ya je yi wa iyayen yaran nan ta'aziyya. Ɗaya daga cikinsu ya ƙi ba shi hannu, ya faɗa masa maganganu masu zafi a gaban jama'a. Tanimu ya zauna a ƙasa ya saurara har ya gama, ya ce ya ji, Allah Ya ba shi haƙuri. Kuma bai saki direban nan ba. Shekara tara ya ƙara yana kula da shi ba ko sisi, yana amsa tambayoyin baƙin da bai san fuskarsu ba.

Mukhtari ya sami aikinsa, ya yi gida, ya yi mota. Ya ce mini bai taɓa mantawa ba ko na kwana ɗaya. Duk Sallah yana zuwa gida, ya bi ta bakin tasha da niyyar tsayawa, ya hango Tanimu ya sunkuya a kan teburinsa, sai ya ce bari sai gobe. Ya taɓa rubuta masa saƙo mai tsawo ya goge. Sun taɓa haɗuwa a wata jana'iza, Tanimu ya kama hannunsa da hannu biyu yana tambayarsa iyali, Mukhtari ya yi niyyar faɗa masa, ya ga mutane, ya fasa. Sai gobe. Shekara tara yana cewa sai gobe.

Wata ranar Talata aka buga masa waya aka ce Tanimu ya rasu, bayan jinyar kwana huɗu. Ya iso ranar sadakar uku. Da jama'a suka ragu ya nemi izini ya gaida matar mamacin, Asabe, tana daga bayan labule. Ya tambaye ta ko Malam ya taɓa yi mata maganarsa. Ta ce yakan ce Injiniya mai basira ne, iyakar abin da ta sani ke nan. Ashe ko matarsa bai gaya wa ba. Mukhtari ya durƙusa a nan ya faɗa mata komai, ya ce ta yafe masa.

Ta saurare shi har ya gama. Sa'an nan ta ce, "Wahalar da ni da yara muka sha, na yafe maka. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba."

Ranar Juma'a ya miƙe a masallaci bayan salla ya bayyana gaskiya. Rabin 'yan kwamitin sun mutu. Matasa suna tambayar juna wace allura ake magana. Wanda ya kamata ya ji maganar nan yana maƙabarta.

Jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Tanimu ya yi kuskure, bai ɓoye ba, ya faɗa tun ana iya gyarawa, aka wanke wadda ba ta da laifi, aka tsare 'ya'yan mutanen da bai sani ba. Ya rasa aiki, ya rasa suna a gari, amma ya tafi ba haƙƙin kowa a wuyansa. Mukhtari ya tsira da aikinsa, yau yana yawo da kayan da ba mai sauke masa sai ranar da za su tsaya su biyu a gaban Allah.

Kai bakanike da ka san ba ka ɗaure birkin nan da kyau ba, kira mai motar yanzu, kada ka jira ya hau titi. Kai da ke sa hannu a takarda a ofis ba ka karanta ba, ka sani sa hannu shaida ce, za a tambaye ka. Kuma duk wanda ya san an hukunta wani a kan laifinsa shi, ya yi shiru, to tun da na fara maganar nan akwai sunan da ke yawo a zuciyarsa. Kada ka ce sai gobe. In mun shafa addu'a, ka sa takalminka ka nufi gidansa tun yana da kunnen da zai ji ka da bakin da zai ce ya yafe.

Allah Ya jiƙan Tanimu, Ya sa ya huta. Mu kuma Allah Ya ba mu ƙarfin halin cewa ni ne na yi, tun muna numfashi.